Kwalbar da Inna Ta Ce Sai Jibi

Assalamu alaikum Hajiya mai gabatar da shiri, da fatan kin tashi lafiya. Ni ce Rabi, daga Zongo, nan Kwatano.

Mahaifiyata, Inna, tana da wani haɗi da take yi mana. Takan yayyanka kokwamba da karas da albasa, ta cusa a tsohuwar kwalbar mayonis, ta tafasa binigar da ruwa da gishiri da ɗan sukari ta zuba a kai. In ya huce sai ta rufe, ta sa a firigo, wato firiji. Dokarta ɗaya ce: ba a taɓawa sai jibi, sai tsamin ya ratsa.

Wata Talata ta haɗa, na kai hannu zan ɗanɗana, ta buge min yatsa. Ta ce, "Rabi, ke da kwaɗayi! Sai jibi." Laraba da hantsi ta yanke jiki ta faɗi a rumfarta ta kasuwar Missèbo. Kafin la'asar an kai ta makwancinta.

Hajiya, jiya aka yi sadakar arba'in, kwalbar tana nan. Inna da kanta ta koya min haɗin nan ba ya wuce mako biyu, ga shi ruwan har ya gurɓace. Maigidana ya ce in zubar. Amma duk sanda na buɗe firigon na miƙa hannu, da rana tsaka, sai in ji muryarta a bayan kunnena, yatsan nan ya hau zogi.

Masu sauraro, ku ba ni shawara don Allah. Na san ba ya ciwuwa. Amma yaya zan zubar da abin da Inna ta ce in jira? Ni dai a wurina, jibin nan har yau bai zo ba.