Ɗigo Uku Ba Su Isa Ba

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki.

Sunana Hadiza, ina da shagon buga takardu da gyaran hotuna a Batsari. Bara na sayi sabon allon kwamfuta a Katsina, mai garantin shekara ɗaya. Ba a jima ba baƙin ɗigo ya fito a tsakiyarsa. Da digirina da komai, na ɗauka kashin ƙuda ne, na yi ta gogewa da bakin mayafi. Rannan wata Hajiya daga Safana ta zo gyaran hoto, ɗigon ya sauka daidai kan hancinta. Ta ce, "Ke 'yar nan, yaushe na yi tawadar Allah ban sani ba?"

Da suka zama uku, na naɗe allon a bargo, na bi hanyar nan tamu da ba a hawa sai da addu'a. Mai shagon ya ƙirga da bakin biro, ya ce, "Malama, kamfani ba ya canzawa sai sun kai biyar. Je ki, Allah Ya ƙaro." Ranar da yake sayar mini, wannan dokar ba ta fito daga bakinsa ba.

Saura sati uku garantin ya ƙare. Kowace safiya ina kunna allon ina neman ɗigo na huɗu, kamar mai duban wata.

Masu sauraro, ina ake kai irin wannan ƙara? Ina gaida Hajiyar Safana: kwantar da hankalinki, hancinki lafiya lau yake.