Hancin Muttaƙa a Bangon Tasha

Muttaƙa ɗan kabu-kabu azzalumi ne. Ya banke wani tsoho mai keke a Birnin Konni, ya watsar masa da kwandon tumatir, ya tsere. Wani mai zane ya gani, ya zana abin ɓaro-ɓaro a bangon tasha. Ran kasuwa Muttaƙa ya tsaya gaban zanen yana huci, ya juya ga wata mai fura da bai sani ba.

"Inna, wannan zane ƙarya ne."

"Ina ƙaryar, ɗana? Ga keke cikin kwata, ga tsoho ƙafafu sama."

"Dubi hancin mai mashin! Wa Allah Ya ba hanci kamar tulu?"

"Mai banke tsoho ai kowane hanci ya dace da shi."

"Kuma mashin ɗin ja ne, ya yi masa kore. Tsohon ne ma ya shigo hanya. Masu keke sun ɗauka titi na ubansu ne."

"To na uban wa ne? Kai kana wurin?"

"Ina wurin mana! Har oda na danna masa."

Matar ta ajiye ludayi, ta ƙare wa hancinsa kallo.

"Wallahi mai zanen ma ya rage maka. Wannan tsoho kuwa mijina ne. Jama'a, ku tare mini shi!"

Sarkin tasha ya ɗaure mashin ɗin wata guda. Aka sa Muttaƙa ya saya wa tsohon sabon keke, shi kuma aka ba shi lanƙwasasshen, da shi yake yawo a gari.