Ranar da Tarakta Ta Baje Iyaka

Mai girma shugaban taro, malaman gona da suka sha hanya, iyayenmu mata, 'yan'uwana manoma manya da ƙanana, assalamu alaikum.

Godiya muke, godiya mai yawa, da wannan jar tarakta da aka kawo wa ƙungiyarmu. Malamin gona ya ce a yini guda za ta nome abin da mutum arba'in ke nomewa. Madalla! Abu ɗaya kawai aka manta ba a haɗo mana da shi ba, wato gonar da za ta nome.

Na farko, kakanmu gona guda gare shi, wadda in ka tsaya a wannan baki ba ka jin kiran wanda ke wancan. Ya haifi tara, aka raba tara. Mahaifinmu ya haifi bakwai, aka raba bakwai. Mu muna ta haihuwa, alhamdu lillahi, ita kuwa gona har yau ko 'ya ɗaya ba ta haifa ba. Nawa rabon, in fartanya ta suɓuce mini, a gonar wani take faɗuwa. Baki goma sha ɗaya ke jiran abin da ke fitowa daga 'yar gonar tawa, rumbuna kuwa kan ƙare tun damina ba ta faɗi ba.

Na biyu, jiya aka yi gwaji a gonar tawa. Direba ya shiga, ya leƙo ya ce, "Baba, ina gonar take?" Na ce, "Kana kanta, ɗana." Ya ce, "To a ina zan juya?" Kafin in buɗe baki, ya juya a gonar yayana, ya bi ta kan iyaka ya baje ta.

Na uku, duk kun san iyakar nan. A kanta ni da Yaya muka shekara shida ba ma ga maciji, saboda taku biyu. Da safen nan na ɗauki igiya zan sake awo, sai na tarar da ƙasa shimfiɗe, ɗaya tak, kamar yadda Baba ya bar ta. Abin da dattawa suka shekara shida suna roƙo, ƙarfe ya gama shi bai ko yi sallama ba.

Yaya, ga ka can a layin baya ka sunkuyar da kai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ni dai na mayar da igiyata gida. In ka yarda, mu bar ta haka, mu noma tare, mu raba a masussuka, domin 'ya'yanka da nawa ba iyaka za su ci ba.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya cika rumbunanmu, Ya raya mana zuriya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.