Rigar Rabaran a Shagon Mukhtaru

A shagon ɗinkin Mukhtaru da ke titin Mansur a Makka, wata alhajiya 'yar Wusasa ta shimfiɗa tsohuwar baƙar riga a kan tebur.

"Irinta nake so, Malam. Jibi jirginmu zai tashi."

Shekara talatin Mukhtaru yana ɗinka jallabiya, bai taɓa ganin mai maɓallai har ƙasa ba. "Ta wane ne, ya Hajja?"

"Ta yayana, Rabaran Istifanus. Limamin cocin Angilika ne."

"A'uzubillahi! A Makka? Telolin Zariya sun mutu ne?"

"Tsaraba ce. Na saya wa kowa carbi, shi ma carbin zan kai masa?"

"Khalas, kwashe kayanki!"

"Kar ka yi mini tsawa, ban ci maka komai ba! Shekara ashirin da shida yana cocin nan, shi ne baftisma, shi ne ɗaurin aure, shi ne jana'iza. Uwarmu kuwa musulma ce, shekara tara tana kwance. Shi ke baro cocin ya durƙusa ya yi mata alwala, ya juya ta gabas, sau biyar kullum. Dubi gwiwar rigar yadda ta cinye! Kai wa ke yi wa taka uwar?"

Tasa uwar tana nan unguwar Shisha, tafiyar minti ashirin a tasi, rabonsa da ita tun ƙaramar sallah. Ya fizgi rigar yana huci.

"Wane jakin tela ne ya ɗinka wannan bai ninka gwiwa ba? Ki dawo gobe bayan la'asar. Ban da safe, ina da zuwa Shisha."