Muryar Papa Ofosu

A tashar mota ta Kumasi, ana jiran mota ta cika, wata matashiya mai suna Kyeiwaa ta zauna da zakara a cinya, kusa da wata dattijuwa da ba ta sani ba.

"'Yata, wannan zakaran zai tsone mini ido," in ji dattijuwar. "Ina za ki da shi?"

"Gidan rediyon jami'ar mishan, Maame. Papa Ofosu zan kai wa, mai addu'ar asuba. Bara da nake kwance a asibiti, muryarsa ce ta hana ni fid da rai."

"Bara? Rediyon da muryarsa ko ƙofar makaranta ba ta wucewa? A ɗakin ajiya fa suka fara, eriyarsu ɗaure a gora!"

"Wannan dā ke nan, Maame. Yanzu har Tamale ana kama su. Ko yau da asuba na ji shi."

"Yau? Yarinya, ki ji tsoron Allah! Ofosu mijina ne. Ya daɗe a kabari, da hannuna na rufe masa ido."

Kyeiwaa ta saki baki, zakaran ya kusa kuɓuce mata.

"Yesu! To, wa yake yi mini addu'a?"

"Tsofaffin kaset ɗinsa suke sakawa ke nan. Ni tun ranar jana'iza ban ƙara kunna rediyo ba." Dattijuwar ta matso kusa da ita. "Har yanzu yana ɗan tarin nan kafin ya ce amin?"

"Kullum, Maame."

Sai ta kama hannun Kyeiwaa gam.

"Faɗa mini, a wace lamba ake kama shi?"