Neman Mai Tsaya wa Pak Darmaji

A ɗakin jira na wani banki a Surabaya, Pak Darmaji, wato Malam Darmaji, dillalin babura, ya daɗe yana satar kallon awarwaron zinaren wata mata da ke zaune kusa da shi. Can sai ya gyara murya ya matso, ya kira ta da "Bu", wato Uwargida.

"Bu, ba ki san ni ba, amma arziki ne ya zaunar da ke nan. Shaguna shida zan saya a bakin kasuwa, rupiya biliyan huɗu. Banki ya yarda, mai tsaya mini kawai ake jira."

Ta ce, "To, Allah ya kawo shi."

"Ai ya kawo! Hannu kawai za ki sa, shago ɗaya ya zama naki."

"In ka kasa biya fa?"

"Ni? Haba, Bu! Dubi fuskata."

"Na duba, shi ya sa na tambaya. Ba ka da dangi ne, Pak?"

"Yayana matsoraci ne. Surukina kuwa har yau yana gaba da ni kan gidansa da banki ya ƙwace, sai ka ce ni na aiko ambaliya waccan kasuwar."

"Mahaifiyarka fa?"

Darmaji ya sake gyara murya.

"Ta ce sai ta yi istihara."

"Me ta gani?"

"Ba ta gama ba tukuna. Bana shekara uku."

Aka kira lambar matar. Ta miƙe, ta saɓa jakarta.

"Ka gaishe ta da kyau, Pak. In ta idar, ta ara mini sallayar, ni ma in fara tawa."