Kafso Ja da Baƙi

Ina gaishe ku da sunan Yesu, 'yan'uwa.

Yatsunsa na fara gani, dogaye, suna jera kafso ja da baƙi a kan tire a ƙofar gidanmu da ke Kara-Kara. Iliya mai tallan magani ke nan. Ni kuwa littattafan soyayya sun riga sun cika mini kai. Na ce ga nawa ya iso.

Kullum sai in ƙirƙiri ciwo don in tsayar da shi.

"Saratu, yau kuma ina ke ciwo?"

"Kai ne likita, ka gano."

Sai ya yi dariya ya ba ni biyu. Ina haɗiyewa a gabansa, kada ya ce ƙarya nake. Haka muka yi ta yi har muka yi aure.

A haihuwar fari aka yi mini fiɗa. Ɗan bai zo da rai ba, ɗinkin kuma ya ƙi kamewa. Ruwa, wari, zazzaɓi. Ordonas bayan ordonas, wato takardar sayen magani, allura bayan allura, shiru.

Likita ta dawo da takardar gwaji daga labo ta ce, "Madam, ƙwayar cutar nan ta saba da magungunanmu. Kina shan kafso barkatai?"

Iliya na tsaye. Ya sunkuyar da kai.

A gadon kusa da ni akwai Ya Falmata, 'yar Gouna, da irin ciwona. Ranar da na ce a bar ni in mutu, ta ce, "Ƙanwata, kin kira likita kin gaji. Kira Wanda ya halicce ki."

Na ce, "Yesu, da wasa na sha abin da ya kamata ya cece ni yau. Ba ni da hujja. Ka ji tausayina."

An samo wata allura ta ƙarshe, aka kuma cire mahaifata. Zazzaɓin ya sauka. Ya Falmata ba ta fita da rai ba. Ina kallo aka naɗe katifarta.

Na tashi, 'yan'uwa, amma ba zan goya ba har abada. Duk da haka ina gode wa Ubangiji da ya bar mini numfashi. Ku dogara gare shi, ku kuma bar shan magani ba da izinin likita ba.

Shekaru sun wuce. Ga Iliya can a bencin baya, har yau ba ya iya ɗaga kai idan ina wannan shaida. Tiren yana nan, dabino yake jerawa a kai yanzu. Kowace safiya ni ce mai sayen farko.